Aulis Moilanen, Mai Ɗora wa Bindiga Laifin Tsufa

Duk wanda ya bi hanyar Naavala da sassafe ya san hayaƙin farko da zai gani na ɗakin aikin Aulis Moilanen ne. Tun kafin motar madara ta wuce yake fitowa daga gida da butar kofi a hannu, ya taka zuwa tsohon garejin da ke bakin tafki, ya hura murhu, ya ɗaura walkinsa na fata. Sannan ya sauko da bindiga ɗaya daga bango. Guda ɗaya kullum, bi da bi. Ya zare sakatarta, ya goge da tsumma mai ɗan mai, ya zura sandar shara a bututu, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa. Leƙen yanzu sabo ne kawai, don idon ya tafi. Da yatsu yake gane tsatsa.

Sunana Hilkka. Ni ke riƙe da kare a ƙungiyar farautar ƙauyenmu, kuma kafin in yi ritaya motar gidan waya na tuƙa. Waɗanda suka san ni za su yi mamakin ganina ina yabon mutum, don bakina ya fi sabawa da faɗa. To amma Aulis zai rufe ɗakin aikin nan a sanyin bana, ya haura tamanin, kuma na tabbata babu wanda zai taso daga birni ya rataya masa lambar yabo. Akwai kuma wani abu da ya yi wanda na haɗiye a cikina saboda wani mutum. Mutumin ya rasu a bazarar da ta wuce, shi ya sa bakina ya buɗe.

Bindigogin da ke bangon Aulis ba irin waɗanda masu kuɗi ke jerawa a kabad ɗin gilashi ba ne. Ragowar yaƙi ne, masu sakata, waɗanda bayan kowane harbi sai ka ja sakatar baya ka tura da hannu kafin wani harsashi ya hau. Wasu na sojanmu ne, waɗanda muke ce wa masu tsayayyen kunne, wasu daga hannun Rashawa aka ƙwato su, wasu kuma sun tsallako daga Suwidin lokacin da sojan can suka gaji da su. Iyayenmu sun saye su a farashin da bai kai na takalmin kirki ba, suka datse katakon da zarto a kan teburin kicin don ya rage nauyi, suka shiga daji da su. Da su aka ciyar da mu. Duk ɗan Naavala da ya kai shekaruna, da naman da waɗannan ƙarafa suka kawo gida ya girma.

Aikin albashi a injin yankan katako Aulis ya yi shi. Gyaran bindiga da yamma ne da ranakun hutu, kuma ladansa kifi mai hayaƙi ne ko lodin itacen wuta, in an tuna. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, bindiga za ta shekara a kabad ba wanda ya kalle ta, sai saura mako a buɗe farauta su kwaso ta da tsatsa su yi layi a ƙofarsa. Zai karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, "Haka kake riƙon matarka ma?" Sannan ya gyara. In baƙo ya zauna a ƙauyen yana sha'awar shiga ƙungiya ba shi da halin sayen sabuwa, Aulis zai zaro masa ɗaya daga tarin da ke lungu, ya raka shi neman izinin 'yan sanda, ya yi ta kai shi filin gwajin harbi har hannunsa ya faɗa. In kuwa ya ga tsagewa a ƙarfe, a gaban mai ita zai sa zarto ya raba ta biyu, ko ta kakan kakanka ce. Shi ya sa in Aulis ya ce bututu ya mutu, to ya mutu, babu ɗaukaka ƙara.

Wannan duk aikin maƙeri ne, kuma akwai maƙera a wasu ƙauyukan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Farautar hirvi, ƙaton naman dajinmu mai ƙaho kamar reshen itace, ba ta mutum ɗaya ba ce. Dabbar ta fi doki tsayi, kuma in ta faɗi a fadama sai an taru ake fitar da ita. In kaka ta yi, shugaban ƙungiya zai jera masu bindiga kowa a wurin tsayuwarsa, ni da kare mu shiga mu taso ta. Naman daidai ake rabawa, wanda ya harba da wanda ya hura wuta kason ɗaya ne. Makarantar ƙauyenmu an rufe ta, kanti an rufe, fasto sau ɗaya a wata yake leƙo mu. Abin da ya rage mana na taruwa shi ne wutar da muke kewayewa da tsakar rana a daji, da rumfar da muke fiɗa. Ka ce wa tsoho ya ajiye bindiga, ka ce masa ya koma gida ya zauna a taga ya jira mutuwa ke nan.

Amma tsufa yana zuwa. Hukuma tana da jarrabawar harbi duk bayan shekara uku, sai dai takarda ake harbi, bindiga a jingine. Takarda ba ta gudu, kare ba ya bin bayanta, kuma babu maƙwabcinka a tsaye bayan itatuwa. Tsoho zai ci jarrabawar sumul, ya shiga daji ya zama abin tsoro. Mu kuma mutanen nan ba mu iya kallon idon namiji mu ce masa ya tsufa ba. Sai mu yi shekara arba'in muna shiga sauna, ɗakin wankan tururinmu, tare da mutum ba mu taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba. Aulis ne ya samo mana hanya.

A kan mahaifina Viljo na fara ganin yadda yake yi. A kakarsa ta ƙarshe baba ya kuskure hirvi har sau biyu a inda bai kamata ba, wata rana kuma na fito daga cikin itatuwa na tarar da shi yana gyangyaɗi a wurin tsayuwarsa, bindiga a ɗane, bakinta yana kallon hanyar da na fito. Da muka koma rumfa ana shan kofi, sai Aulis ya miƙa hannu kamar mai neman ashana.

"Viljo, ba ni tsohuwar nan in gani. Ƙararta ba ta yi mini daɗi ba kwanan nan."

Ya zare sakata, ya ɗaga bututun wajen ƙofa, ya daɗe yana leƙe. Ya ja tsaki.

"Zaren ciki ya cinye. Harsashi yawo yake yi a ciki kamar wake a gwangwani. Da wannan ko bangon coci ba za ka samu ba. Yaya ma aka yi ka kayar da na bara?"

"Hannu ne," in ji baba.

"Lallai hannu ne. Bar mini ita in ga ko za a sami wani bututun."

Baba ya kalli bindigar, ya kalli kofinsa. Ya ce, "Ba sauri."

Muka koma gida, na kashe mota. Ya ce, "Moilanen mutumin kirki ne." Ya fita. Asabar ta gaba ya zo ba bindiga, ya karɓi aikin wuta da wuƙar fiɗa, kasonsa na nama bai ragu ba, kuma har ya mutu in an yi baƙo sai ya ba shi labarin yadda bindiga ta gaji ta bar shi. Bayan jana'izarsa Aulis ya sauko da ita daga bango ya miƙo mini. Na leƙa, ciki na sheƙi kamar sabon kwano. Da ita nake shiga daji har yau.

Haka bangon ya cika. Kowace bindiga da ke rataye a can ta wani tsoho ce da lokacinsa ya yi, kuma babu wadda ke da ciwon komai. Kai ne, Aulis, ka ɗauki nauyin wannan ƙarya a wuyanka, kai da ko a wasan kati ba ka iya ha'inci ba, don iyayenmu su fita daga daji da hularsu a kai. Gatan tsofaffi, mai rufin asiri. Na san ba ka son irin wannan magana, amma yau ba kai ke da bakin ba.

Duk wanda aka yi wa ya gane, ya karɓa, ya yi godiya a zuci. Ban da mutum ɗaya.

Urpo Tervo abokin Aulis ne tun suna 'yan makaranta, kuma babu wanda ya taɓa kama ƙafarsa a harbi a ƙauyen nan. Babu wanda ya kama ƙafarsa a surutu ma. Da hannunsa ya fara rawa har kofi na zuba a gemunsa, Aulis ya yi masa abin da ya yi wa sauran. Sai dai Urpo ya yarda da gaske. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa hannun Urpo Tervo zai iya gazawa ba. Ya zagi bindigar, ya zagi Rashawan da suka ƙera ta, ya zagi kakanninsu. Gabanmu ya faɗi kada ya je ya sayi wata, amma taurin kansa ya cece mu.

"Mace ɗaya na aura, bindiga ɗaya na riƙe," in ji shi. "A gyara mini tawa."

Daga nan duk haɗuwa sai ya tambaya.

"Maƙeri, ina bututuna?"

"Ana nema."

"Har yanzu? A wata ake ƙera shi?"

"Irin naka ya yi wuya, Urpo. Ba kowane ne zai dace da hannu irin naka ba."

"Wannan kuma gaskiya ka faɗa."

Muna dariya a lokacin. Amma matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu ba sa zuwa sai Kirsimeti, gidan ya yi masa faɗi. Abin da ke tashinsa daga gado shi ne Asabar ta zo ya zauna kusa da murhu a rumfa ya gaya wa matasa yadda zai nuna musu harbi ranar da bututunsa ya iso. In aka zare masa wannan, ban san abin da zai rage masa ba.

Kaka biyu da suka wuce, wata safiyar Asabar mai haske, karena Halli ya taso wani namijin hirvi ya kai shi gaban Aulis, a fili, a gicciye, nisan bai fi daga ƙofar coci zuwa maƙabarta ba. Na ji harbi ɗaya. Mun saba in Aulis ya harba sau ɗaya sai a fara wasa wuƙa. Da na iso na same shi a tsaye, babu dabba.

"A kafaɗa na same shi," in ji shi. "Ba zai yi nisa ba."

Na duƙa na duba dusar ƙanƙara. Jinin baƙi-baƙi ne, da ɓurɓushin ganye a ciki. Harbin ciki ne, mafi munin harbi.

"Halli yana ina lokacin da ka harba?"

"Bai iso ba tukuna."

Sawun ba haka ya nuna ba. Karen yana dab da dugadugan dabbar, da rigarsa mai ruwan lemo da ake hangowa daga ƙetaren tafki, kuma Aulis bai gan shi ba.

A wurinmu ba a barin dabba da rauni. Muka bi sawu har duhu ya hana mu, washegari muka ɗora. Wajen tsakar rana muka sami hirvin kwance a bakin fadama, ruwa har ƙirjinsa, ya kasa tashi, yana kallonmu. Ni na ƙarasa shi. Aulis ya biyo ni duk tsawon tafiyar nan, yana faɗuwa yana tashi, na yi na yi ya koma mota ya ƙi. Da dabbar ta daina motsi ya cire hularsa ya daɗe a tsaye, iska na kaɗa ɗan gashin da ya rage masa.

A tsakiyar mako Rauno, shugaban ƙungiyarmu, ya kira mu 'yan kaɗan a rumfa, ban da Aulis, ban da Urpo.

"Abin da ya yi wa iyayenmu shi za mu yi masa," in ji Rauno. "Ran Asabar, a nan, a gaban kowa."

"Wa zai leƙa bututun maƙeri ya ce masa ya cinye?" na tambaya.

Duk suka kalle ni.

"Ni? Mai rabon wasiƙa?"

"Ke ce ba kya jin nauyin kowa, Hilkka. Mu bakinmu ba zai iya ba."

Na zage su tas, sannan na yarda. Amma na kasa jiran Asabar. Na ga in na yi masa kwanton ɓauna a gaban mutane muryata za ta ba ni kunya, don haka washegari da rana na tafi garejinsa wai neman man bindiga. Na same shi zaune, doguwar bindigarsa ta Suwidin a kan gwiwa.

"Rauno ne ya aiko ki."

"Mai na zo nema."

"Mai yana inda yake kullum. Zauna."

Na zauna. Na ce, "Aulis, ba ni tsohuwar nan in gani. Ƙararta ba ta yi mini daɗi ba ran Asabar."

Ya zare sakatar da kansa ya miƙo mini. Na ɗaga wajen taga. Ban taɓa ganin bututu mai tsabta irin wannan ba.

"Me kika gani?"

"Ya cinye."

"Ƙaryarki ba gishiri, Hilkka. Sai kin daɗe kina leƙe, ki ja tsaki tukuna." Ya karɓe abarsa. "Na gode. Ki gaya wa Rauno na gode. Amma ba za a yi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa karena ya kusa kashewa, gobe kuma mutum ne, kuma in yana tsammanin don shi ne Aulis Moilanen za mu zuba masa ido, to ya sake tunani. Ya bar ni na gama.

"Na sani," in ji shi. "Likita ya gaya mini tun bazara cewa tsakiyar idon ce ke mutuwa. Na ce bari in ƙara kaka ɗaya. Son zuciyata ne, dabbar can kuma ita ta kwana da shi a cikinta. Ba zan sake ɗaukar bindiga ba, wannan an gama. Yadda za a faɗa ne ban yarda da shi ba."

"Don me? Kai kaɗai ne ba ka cancanci a rufa maka asiri ba?"

"Ran Asabar wa ke zama kusa da murhu?"

"Urpo."

"To Urpo yana zaune, mai rabon wasiƙa ta leƙa bindigar maƙeri ta ce ta cinye, maƙeri ya ce haka ne. Urpo mai surutu ne, amma ba wawa ba ne. Kafin ya kai gida zai gane abin da aka yi masa."

"To kai ka faɗa da bakinka cewa ta cinye."

"Zai ce in ɗauki wata a lungu, ga su nan birjik. In na ƙi, ya tambayi kansa dalili. In na yi shiru na daina zuwa da bindiga, wani mai tausayi zai ɗora wa bututu laifi a gabansa, mu koma gidan jiya." Ya juya fuskarsa wajen bango, inda bindigar Urpo take. "Ni ina da matata Kerttu a gida, ina da ɗakin nan. Shi me yake da shi?"

Na tashi na tafi, man ma ban ɗauka ba.

In an rufe farauta muna yi wa masu gonaki da dazuzzukan da muka shiga walima a tsohuwar makaranta. Duk ƙauyen ke zuwa, har da waɗanda sai an turo su a keke. Ranar an zuba miyar nama da dankali, da 'ya'yan itacen nan jajaye masu tsami, Rauno ya gama jawabinsa na godiya, sai Aulis ya dafa tebur ya miƙe. A iya sanina bai taɓa magana a taro ba.

"Hirvin da ya kwana da harsashi a ciki, ni na harbe shi," in ji shi. "Bindigar lafiyarta ƙalau. Idona ne ya mutu. Na sani, kuma na shiga daji da saninsa. Ina neman gafarar ƙungiya, da ta masu ƙasa, da ta Hilkka saboda karenta. Daga yau wuta zan riƙa hurawa."

Cokula suka tsaya. A wurinmu namiji ya gwammace ƙanƙarar tafki ta tsage da shi da ya tsaya gaban mata da maƙwabta ya faɗi irin wannan. Kerttu, matarsa, ta kafe kwanonta da ido. Ba wanda ya san inda zai sa fuskarsa. Sai muryar Urpo ta taso daga ƙarshen tebur.

"Allah sarki, maƙeri. Tsufa ba shi da kunya. Ka gan ni nan, sa'anka ne ni, amma har yau ni ke zura wa allura zare. Ni da ba don bututun nan ba, ai da kun ga aiki."

"Haka ne, Urpo," in ji Aulis. "Kai bindiga ce ta ci amanarka."

"To zo ka zauna kusa da ni, makaho, in riƙa gaya maka abin da ke cikin kwanonka."

Aka yi dariya, wasu don su ɓoye abin da ke idonsu. Aulis ya ɗauki kwanonsa ya lalubi hanya ya je ya zauna. Ni kuwa na fita wai zan duba kare, alhali kare yana gida.

Kada wani ya ɗauka abin ya ƙare a ranar. Kakar da ta biyo baya su biyun suka zauna a bakin wuta, kuma Urpo bai raga masa ba ko sau ɗaya. In an yi baƙo sai ya jawo hannun rigar Aulis ya ce, "Wannan abokina ne, tsufa ya kayar da shi, ni kuwa kayan gyara nake jira." Ya ce masa makaho, ya ce masa jemage, ya riƙa ba da labarin harbin cikin nan yana ƙara masa gishiri. Na sha cizon leɓe. Wata rana na buɗe baki zan yi magana, Aulis ya taka mini ƙafa da takalminsa mai nauyi har sai da na ga taurari. Amma gaskiya ɗaya ce, Urpo ya farfaɗo. Ya sami wanda zai tausaya wa. Kullum da la'asar sai ya tako zuwa gareji ya karanta wa Aulis jarida, takardar na karkarwa a hannunsa, yana tsayawa yana gyara wa 'yan siyasa magana. Ya koma aske gemu, ya koma cin abinci.

A bazara ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibitin gari. Ni na kai Aulis ya duba shi. Urpo ya rame, murya ta dushe, amma bakin na nan.

"Maƙeri, in bututun ya iso bayan na tafi, kada ka mayar musu. Ka ɗaura mata."

"Zan ɗaura."

"Kada ka ɗaura a karkace, tunda ba ka gani."

"Zan sa Hilkka ta duba mini."

Bai kai mako ba ya cika. Ya tafi kabarinsa yana ganin laifin bindiga, Allah ya jiƙansa.

Bayan an binne shi da 'yan kwanaki Aulis ya kira ni ya ce in zo da mota. Na same shi a ƙofar gareji da bindigar Urpo a hannu, ya goge ta, ya ce filin gwaji za mu. Na kafa takarda, na zauna, na harba huɗu kamar yadda ake yi a jarrabawa. Ya kama gwiwar hannuna muka taka har wurin takardar. Ya lalubo hudojin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya rufe su duka. Ya daɗe a haka.

"Shekara da shekaru ina yi mata ƙazafi," in ji shi. "Ki nemo mata wanda zai shiga daji da ita."

Ya ciro hankici ya fyace hanci, ya ce iskar wurin ce. Ni kuka na yi, ba na ɓoyewa.

Aulis, na san Kerttu za ta karanta maka wannan, kuma na san za ka ce surutu ya yi yawa. Ka yi haƙuri ka ji. Mun gode da bindigogin da ka raya mana, waɗanda wasu za su zubar a bola. Mun gode da iyayenmu da ka fitar daga daji ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Kai ne ka ɗinka wa kowa rigar rufin asiri, da taka ta zo ka cire ka yafa wa abokinka, ka tsaya gaban gari a haka, ka kuma sha ba'arsa har ya mutu ba ka tanka ba. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai a bakin wuta.

Ku kuma 'yan ƙungiya, musamman masu sababbin bindigogin roba da madubin hange, gareji zai rufe amma tsufa bai rufe ba. Wani a cikinku ya riƙa zuwa wurin tsohon nan tun yana iya koyarwa. Ya koyi gane tsagewar ƙarfe, ya koyi faɗin gaskiya a kanta har mutane su yarda da bakinsa, don sai an yarda da gaskiyar mutum ƙaryarsa ke iya rufa wa wani asiri. Kada ku ɓata lokaci. Ni ce babba a masu riƙe da bindiga yanzu, kuma kwanan nan in na ɗaga kofi da safe, sai na sa hannu biyu.